Abin da Aku Ta Faɗa Ranar Litinin

Zuwa ga Yayana, wanda ya tsaya mana a matsayin uba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ƙanwa zuwa ga wanta, tare da girmamawa da kewa mai yawa. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da jaririnmu da har yau ba mu san ɗumin jikinsa ba sai dai hoto. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya sauƙaƙa maka zaman baƙunta, ya sa ranar da za ka dawo ka tarar da mu cikakku. Mu a nan sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, in ban da gwiwar nan da ke tashi in an yi sanyi, kuma a yanzu babban abokin gabarta a duniya shi ne mai gyaran famfo, wanda ya zo ya karɓi addu'a da ruwan sanyi ya tafi ya bar famfon tsakar gida yana ɗiga kamar yadda ya same shi. Kawu ya warke, an cire masa ɗinki, ya koma shagonsa yana ba kowa labarin aikin da aka yi masa, kullum kuma wuƙar likitan sai ta ƙara tsawo. Maigidana yana gaishe ka, 'yan biyu kuma sun fara rarrafe, kowanne ya nufi tasa alƙiblar.

Yaya, na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, domin maganar nan tana bukatar a ji ta daga farko har ƙarshe, ni da kai kuwa in muka hau waya kowa kan katse ɗan'uwansa. Na ji saƙon muryar da ka turo wa Auta. Ta kunna mini shi a kicin tana yanka albasa, don haka ba zan iya rantsewa a kan abin da ya sa idonta ke ruwa ba. Ka ce ta je ta ba da haƙuri ta koma bakin aikinta, kada ta ɓata sunan gida, kuma Mai Makaranta abokinka ne tun kuna yara, ba zai zalunce ta ba. Ban ga laifinka ba, domin bakinsa kaɗai ka ji. Amma shekarun da na yi a ɗakin labarai sun koya mini cewa labarin da aka ji daga baki ɗaya rabin labari ne, kuma sau da yawa rabin da aka bari shi ne mai nauyin. Zan ba ka sauran. Abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda aka faɗa mini zan faɗi wanda ya faɗa.

Ka san gadon bayan Auta bai koma daidai ba tun lokacin da ta zame a matakalar makarantar nan tana rungume da takardun jarrabawa. Abin da ba ka sani ba, saboda ta hana a faɗa maka, shi ne ya kai ta ga yin salla a kan kujera, a aji kuma tana rubuta lissafi a rabin allo na ƙasa kawai domin ba ta iya miƙa hannu sama. Likitar gashin ƙashi ta gwada abin da za ta gwada, daga ƙarshe ta ce maganin da ya rage shi ne ruwa, wato ta riƙa motsa jiki a wurin ninƙaya. Wuri ɗaya ne a kusa da mu yake da lokacin mata zalla, shi ne na otal ɗin da ke bayan layin masu sayar da taya, ranar Asabar da safe. Na raka ta ba sau ɗaya ba. Ta ƙofar gefe ake shiga, a wuce ɗakin wanki da injin wuta, an kewaye wurin da tamfol mai tsayi, mai gadin ma mace ce. Mai koyarwar tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce mai usur a wuya, wadda ke kiran kowa 'yata ko da ta girme ta. Masu zuwa kuwa tsofaffi ne masu ciwon gwiwa, da wata mai juna biyu, da wata 'yar kasuwa mai ƙiba da ke cewa ita ba ta nutsewa ko ta so. Kayan da Auta ke sawa sun rufe ta daga wuyan hannu har idon sawu, har Inna ta ce kamar wadda za ta je gyaran jirgin ruwa ta ƙasa. Cikin 'yan watanni ta ajiye kujerar salla. Ina nan ranar da ta fara kai goshinta ƙasa, Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonta har ta sallame. Wannan shi ne otal ɗin da aka ce maka ƙanwarka tana yawan shiga.

Yanzu bari in gaya maka yadda labarin ya isa ofis, domin nan ne abin ƙyamar yake. Makarantar tana da wata al'ada da aka shigo da ita bayan tafiyarka, suna kiranta Zaman Amana. Kowace Litinin kafin darasin farko, Malamin Tarbiyya yakan zaga azuzuwan ƙanana, malamin aji ya fita waje, shi kuma ya zauna a gefen tebur da fara'a ya tambayi yara yadda suka yi hutun ƙarshen mako. Daga nan sai ya tambaye su wa ya haɗu da wani malami a gari, a ina, yana tare da wa, me ya sa a jikinsa. Yaron da ya kawo labari akan tafa masa, a manna masa tauraro a aljihun riga. Malamar ajin su Aku 'yarka, wadda ƙawar Auta ce, ita ta bayyana mini wannan, na kuma tambayi yaran maƙwabta biyu daban-daban suka faɗa mini abu ɗaya. Yara ba su san me suke yi ba. Su a wurinsu wasa ne, irin na wa ya fi wani ido.

Wadda ta kai labarin Auta, Yaya, 'yarka ce. Na san Mai Makaranta bai faɗa maka wannan ba. Kai ka sa mata suna Aku saboda bakinta ba ya hutawa, ka kuma bar mana ita a nan musamman domin ta yi karatu a makarantar abokinka. Rannan an tambayi aji, kowa yana ɗaga hannu, ita kuma tana da labarin da ya fi na kowa daɗi. Ta miƙe da alfahari ta ce antinta ta iya ninƙaya yanzu, tana zuwa otal duk Asabar, kuma ta yi mata alkawarin za ta koya mata. Aka tafa mata. Ta dawo gida da tauraronta tana nuna wa kowa, Auta da kanta ta taya ta cire shi a hankali ta manna mata a murfin littafi don kada ya lalace a wanki. Kafin makon ya ƙare aka kira Auta gaban kwamiti.

Na raka ta, ko da yake ba a gayyace ni ba. Ofishin ka san shi, mai shimfiɗar kafet da na'urar sanyaya ɗaki da kabad ɗin gilashi cike da kofunan gasa, waɗanda da dama daga cikinsu ɗaliban Auta ne suka ciyo su a lissafi. Su suna kan kujerun laushi, ita aka nuna mata ta roba, irin wadda likita ta hana ta zama a kai. Ta yi bayani dalla-dalla, ta ce ga likitarta a kira ta, ga mai koyarwar ma a shirye take ta zo. Mai Makaranta ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya ce shi wallahi bai taɓa zarginta da komai ba, ƙanwa ce a wurinsa, ya san gidan da ta fito. Sai dai, in ji shi, ba abin da ta yi a ciki ne matsalar ba, ƙofar da ta shiga ce, kuma otal otal ne ko da masallaci aka gina a tsakiyarsa. Na tambaya ko a cikinsu akwai wanda ya je ya duba wurin, ko ya aika matarsa ta duba. Malamin Tarbiyya ya nemi tsari da ƙarfi, ya ce Allah ya kiyaye ƙafar iyalinsa daga irin wannan wuri. Na ce ashe ke nan an yanke hukunci a kan wurin da ba wanda ya gani. Ya ce shi ba ya jayayya da mata, balle 'yan jarida. Wani dattijo a kwamitin ya ƙara da cewa malami malami ne dare da rana, na ce masa to albashin dai na rana ne. Auta ta taka mini ƙafa.

Kada ka ɗauka ita ce ta farko. Malamin kimiyya ya tafi bara saboda an gan shi da gajeren wando yana buga ƙwallo da samarin unguwarsu. Wata malamar ajin ƙanana ta tafi saboda an gan ta a gaban mota tare da namiji, ko da aka gane ƙanin mahaifiyarta ne sai aka ce ai yaran da suka gani ba su san haka ba. Amma malamin da ya mari wani yaro har kunnensa ya yi ruwa yana nan daram, shi ke jan sallar azahar wasu ranakun, domin abin nasa a cikin aji ya faru, sanye da cikakkiyar riga, kuma ba a tambayar yara wannan ranar Litinin. Ni ban ce makarantar addini ba ta da ikon neman kamun kai daga malamanta ba. Tana da shi, kuma da Auta ta yi abin kunya da ni zan fara kama kunnenta kafin su. Abin da ke tayar mini da zuciya shi ne mutanen da ke koya wa yara da safe cewa bin diddigin mutane da mummunan zato zunubi ne, su ne kuma ke raba taurari a kan wannan zunubin kafin a buɗe littafi. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, shi ya sa ya kamata a duba ta wane gefe ake tanƙwarawar.

Hukuncin da suka yanke shi ne an sallame ta, amma saboda darajarka an bar mata ƙofa. Idan ta daina zuwa wurin ruwan, ta kuma tsaya a taron safe gaban ɗalibai da malamai ta ce ta yi kuskure tana neman afuwa, za a mayar da ita. Wannan ne haƙurin da ka ce ta bayar. Kuma ina so ka sani, don kada ka ɗora mata taurin kai, cewa ta yarda. Bayan ta ji saƙonka ta ce Yaya ya yi magana, Inna ba ta barci, ɗalibanta na ajin ƙarshe kuma jarrabawa na gabansu, ita wace ce da za ta tsaya. Na ce mata ciwon bayan fa, ta ce kujerar sallar tana nan ba a sayar ba. Na ji haushinta kamar in yi kuka, amma ban hana ta ba, domin aikinta ne, shekara goma sha wani abu ta zuba a ciki, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kafin nan kuwa Aku ta riga ta sani. Mu mun ɓoye mata, amma 'yan ajinsu suka gaya mata a filin wasa cewa ita ta sa aka kori antinta. Ta dawo ba ta cire takalmi ba ta shige bayan labulen ɗakin Inna. Da na lallaɓa ta fito, tambaya ɗaya ta yi mini, wai abin da ta faɗa ƙarya ne. Na ce a'a, gaskiya ce. Ta ce to me ya sa.  Tun daga ranar gidan nan ya yi tsit. Yarinyar da Inna ke roƙo ta yi shiru ko don a ji kiran salla, yanzu in ka tambaye ta me ta ci a makaranta sai ta dubi fuskarka tukuna, tana auna ko amsar za ta cuci wani. Ta ɓanɓare tauraron daga murfin littafin har takardar ta yage.

Ranar Lahadi da la'asar Auta tana guge kayan da za ta sa washegari, sai malamar ajin su Aku ta kira ta. Ina zaune kusa, na ji komai. Ta ce an sanar da malamai tsarin taron safe, kuma ta kasa haɗiye shi. Bayan Auta ta gama neman afuwa, za a kira Aku ta hau dandamali ta tsaya kusa da ita, a rataya mata lambar yabo ta Ɗalibar Amana, domin sauran yara su ga cewa ko ɗan'uwanka ne ba a rufa masa. Malamin Tarbiyya ne ya kawo shawarar, ya ce darasi ne da ba a samun irinsa kullum, Mai Makaranta kuma ya ce madalla. Auta ta yi godiya ta ajiye wayar. Ta ɗan tsaya tana kallon rigar, sannan ta zare wayar dutsen gugar daga bango ta naɗe ta a hankali. Ta ce da ni ita za ta iya sunkuyar da kanta a gaban yara ɗari, ba yau ta fara haɗiye abu ba, amma ba za ta tsaya a yi wa yarinyar nan ado da ita ba.

Da safe ta je, amma ba ta shiga taron ba. Ta wuce ofis ta miƙa makullin kabad ɗin ajinta da takardun ɗalibanta, duk ta gama duba su. Mai Makaranta ya ce ta yi tunani, girman kai rawanin tsiya ne, kuma me zai gaya maka. Ta ce ya gaya maka duk abin da ya faru, har da wanda ya manta a karon farko. Ta gaishe shi da ladabi ta fito. Aiki dai ya tafi, Yaya, kuma ba zai dawo ba. Ka kuma ji wani abin: a cikin iyayen da suka fi kowa kumfar baki a kan maganar, biyu sun kira ta a ɓoye suna tambaya ko za ta riƙa zuwa gida tana koya wa 'ya'yansu lissafi kafin jarrabawa. Wato ba ta isa ta tsaya a gaban allo ba, amma ta isa ta zauna a falonsu. Ta ce musu za ta duba. Ni da an bar ni da su, da amsar ta fi haka gajarta.

Saura laifina, kuma ba zan ɓoye shi a bayan kowa ba. A wannan Litinin ɗin ban kai Aku makaranta ba, kuma ban sake kai ta ba. Na yi haka ba da izininka ba, na sani, ina kuma neman afuwarka a kan rashin shawara, amma ba a kan abin da na yi ba. Na samo mata wata makarantar, ita ma ta addini ce, ƙarama, ba ta da kafet ko kabad ɗin kofuna. Da na je, tambayar farko da na yi wa shugabar ita ce me suke tambayar yara ranar Litinin. Ta dube ni kamar wadda ta zauce, ta ce aikin gida mana. Na ce a rubuta sunan yarinyar. Kai ne uba, kuma in ka ce lallai a mayar da ita wurin abokinka, ikonka ne. Sai dai ka sani ba ni zan riƙe hannunta in kai ta ba, ba Auta ba, Inna ma ta ce gwiwarta ba za ta iya wannan hanyar ba, alhali jiya da ƙafa ta je kasuwa.

Abu biyu nake roƙonka. Kada ka kira Mai Makaranta ka roƙe shi komai, domin wanda aka roƙa yakan ɗauka shi ke da gaskiya. In zumuncinku ya sa dole ku yi magana, ka tambaye shi kawai me ya shirya yi da 'yarka a taron safe, ka yi shiru ka ji abin da zai ce. Na biyu, ka kira Auta. Ba sai ka ba ta haƙuri ba, ka san halinta, kunya za ta hana ta saurara. Ka tambaye ta jikinta kawai. Saƙonka yana nan a wayarta ba ta goge ba, kuma na fi so ya zama ba shi ne na ƙarshe da ta ji daga gare ka ba.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata na ga hoton jariri, hancin namu ne, ta haƙura. Ka shafa mini kansa. Ka gaishe da maƙwabcinku mai gyaran motoci da ya riƙe ku kamar 'yan'uwa, Allah ya saka masa. Inna tana sa maka albarka, ta ce ka rage shan shayi mai sukari. Kawu da Gwaggo da maigidana duk suna gaisuwa, Auta ma ta ce a gaishe ka, ta faɗa ne tana kallon wani wuri, amma ta faɗa.

Asabar da ta wuce Auta ta cika alkawari, ta tafi da Aku wurin ruwan, ni ma na bi su. Ta sa mata tafin hannu a ƙarƙashin baya tana ce mata ta saki jiki, yarinyar ta ƙanƙame ta, tsohuwar mai usur tana yi musu tsiya daga gefe. Can sai Auta ta zare hannun a hankali, 'yarka ta tsaya a kan ruwa ita kaɗai, idonta a sama, har ta yi dariya, irin wadda muka kwana biyu ba mu ji ba. Yanzu da nake rubutun nan ta zo ta tsaya a gefen tebur. Na ce mata Abbanta nake rubuta wa, ko tana da saƙo. Ta ce tana so ka san ta iya kwanciya a kan ruwa. Har ta kai bakin ƙofa sai ta dawo, ta rage murya ta tambaye ni ko wannan yana cikin abubuwan da aka yarda a faɗa. Na ce mata zan tambaye ka. Ka kira ta ka ba ta amsa da bakinka.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
ƙanwarka mai bi maka.